Idan Kwamfuta Ta Daina Ganin Faifan Ajiya Na Biyu: Darasi Daga Gitata

1.0 Gabatarwa

A aji ana koya mana yadda ake tsara tambayoyin bincike, da yadda ake zaɓen wanda za a yi hira da shi, da yadda ake rubuta abin da aka ji tare da alamomin karin sauti. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wurin da muke zuba waɗannan muryoyi bayan mun dawo daga fagen bincike. Galibinmu muna juye su a kwamfuta ne, mu share katin na'urar ɗaukar murya, mu ɗauka cewa aiki ya kammala. Haka ni ma na yi, har ranar da na kunna kwamfuta na tarar ba ta ganin faifan da na tara aikin wata guda a cikinsa.

Wannan maƙala za ta bayyana matakan da ake bi idan kwamfuta ta daina ganin faifan ajiya na biyu, kamar yadda na bi su da kaina a garin Gitata. Abu ɗaya nake so ɗan'uwa ɗalibi ya riƙe tun daga farko: rashin ganin faifai ba ya nufin abin da ke cikinsa ya salwanta. Sau da yawa ba matsalar farko ke hallaka bayanai ba, gaggawar gyara ce. Saboda haka ana bincike ne daki-daki, daga waje zuwa ciki, kuma ba a rubuta komai a kan faifan sai an kwashe abin da ke cikinsa.

2.0 Abin Da Ya Kai Ni Gitata

Gitata gari ne da ke arewa da Keffi a Jihar Nasarawa, kuma sunansa sananne ne ga masu nazarin harshen Gwandara. Masana na ɗaukar Gwandara a matsayin harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa a cikin iyalin harsunan Cadi. Wani masani ɗan ƙasar Jafan, Shuji Matsushita, ya wallafa littafin kwatanta kalmomin kare-karen Gwandara a shekarar 1974, kuma karin Gitata na cikin guda shida da ya tattara. Aikin kundin digirina shi ne in kwatanta sunayen kayan gida da na sana'o'in mata a Hausa da Gwandarar Gitata, in ga abin da ya rage a bakin mutane bayan kusan shekara hamsin da wancan aiki.

A watan Agusta na shekarar 2023 na yi hira da mutane da dama, amma wadda na fi samun abin da nake nema a wurinta wata tsohuwa ce maƙwabciyar gidanmu, wadda kowa ke kira Kaka. Na zauna da ita sau tara. Duka-duka na tara fayil 31 na murya. Da yake katin na'urata ƙarami ne, kullum da yamma sai in je shagon yayana, inda yake buga wa mutane takardu, in juye abin da na ɗauka a kwamfutarsa ta tebur, in share katin domin aikin gobe. Kwamfutar tana da faifai biyu. Na farko shi ke ɗauke da Windows, na biyu kuwa, wanda ke fitowa da harafin D, a nan yake ajiye takardun abokan ciniki, a nan kuma na buɗe tawa jakar.

Kaka ta rasu a watan Nuwamba na wannan shekara. Da na dawo hutun Disamba domin in fara rubuta hirarrakin, na buɗe kwamfutar, sai na ga harafin C shi kaɗai. Na tambayi yayana, ya ce: "Ai ya kwana biyu da ɓacewa. Tun da muka sake shago muka ɗauko ta a baro ban ƙara ganinsa ba. Kafin nan ma janareto ya sha mutuwa muna tsakiyar aiki." Wani abokinsa da ke zaune ya ce: "Ƙane, kada ka wahalar da kanka, in ya fito a yi masa fomat kawai ya dawo sabo." Da na bi wannan shawara, da babu wannan maƙala, da kuma babu kundin.

3.0 Faifan Ajiya Da Yadda Kwamfuta Ke Gane Shi

Abin da masu gyara ke kira had-dis, shi zan riƙa kira faifan ajiya. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a shekarar 1956. Na farkon yana da fayafayai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, amma abin da yake ɗauka bai wuce megabayit biyar ba, wato ko minti ɗaya na kyakkyawar murya ba zai ɗauka ba. Na yanzu yana shiga aljihu, sai dai tsarin aikinsa bai sauya ba. A cikinsa akwai fayafayai masu maganaɗisu da ke juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kan karatu da ke shawagi a samansu ba tare da ya taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa jijjiga da faɗuwa ke yi masa illa. Akwai kuma sabon nau'i da ake kira SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, amma yawancin matakan da za a ambata sun shafe shi shi ma.

Kafin harafin faifai ya bayyana a gaban mai aiki, sai faifan ya wuce matakai uku. Na farko, ya sami wuta, kuma wayar da ke haɗa shi da babban allon kwamfuta ta zauna daidai. Na biyu, ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta, wadda ake kira BIOS, ko UEFI a sababbin kwamfutoci, ta gan shi ta lissafa shi. Na uku, Windows ta karanta tsarin da ke cikinsa ta ba shi harafi. Idan aka ce "kwamfuta ba ta ganin faifai", tambayar farko ita ce: a wane mataki ya tsaya? Kowane mataki da irin maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

4.0 Mataki Na Farko: Wuta Da Waya

Kafin a taɓa cikin kwamfuta, a kashe ta, a zare wayarta daga soket, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi domin ragowar wuta ta fita. Sannan a taɓa ƙarfen jikin akwatin da hannu, saboda ɗan lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, musamman lokacin hunturu, yana iya ƙona ƙananan sassa.

Faifan zamani mai mahaɗin SATA, wanda ya fara yaɗuwa daga shekarar 2003, wayoyi biyu ke shiga bayansa. Siririyar mai haƙora 7 ita ce ta bayanai, tana tafiya zuwa babban allo. Mai faɗin, mai haƙora 15, ita ce ta wuta. Bakin kowacce yana da lanƙwasa a gefe ɗaya, don haka ba ta shiga a juye, kuma ba a tura ta da ƙarfi. A zare kowacce a mayar, a duka ɓangarorin biyu. Idan kwamfutar tsohuwa ce mai faffaɗar waya mai ramuka 40, wadda ake kira IDE, akwai ƙarin abin dubawa. Faifai biyu na iya hawa waya ɗaya, kuma wata 'yar roba da ke bayan kowanne ita ke nuna wane ne Master wane ne Slave. Idan duka biyun aka saita su iri ɗaya, ɗaya ko duka na iya ɓacewa.

Bayan an mayar da wayoyi, a kunna kwamfutar a saurara. Lafiyayyen faifai yana yin ɗan gurnani yayin da ya fara juyawa, kuma idan aka ɗora yatsa a bayansa za a ji yana rawa kaɗan. Idan shiru ne sam, to ko dai wuta ba ta isa gare shi ba, ko allon da ke ƙasansa ya ƙone. A gwada wata wayar wuta daga cikin waɗanda ke akwatin. Idan kuwa aka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, ko ƙarar gogar ƙarfe, a kashe kwamfutar nan take. Wannan alama ce ta cewa kan karatu ya sami matsala, kuma duk minti ɗaya da aka bar shi yana juyawa yana iya karce fuskar faifan. Irin wannan ba gyaran gida ba ne. Kada a buɗe murfinsa, kada a bubbuga shi, kada kuma a saka shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin raɓar da za ta taru a ciki ƙarin ɓarna ce.

Da na buɗe kwamfutar yayana, faifan na biyu yana juyawa lafiya, babu wata baƙuwar ƙara. Amma da na taɓa siririyar wayar, sai ta zame a hannuna. Robar bakinta ta tsage, wataƙila tun ranar da aka ɗauko ta a baro. Na ciro wayar na'urar DVD, wadda iri ɗaya ce, na saka a madadinta.

5.0 Mataki Na Biyu: Duba BIOS

Ana shiga BIOS ne ta hanyar danna wani maɓalli da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ta tashi. Maɓallin ya danganta da kamfani, amma galibi Del ne ko F2 ko F10, kuma yakan bayyana a ƙasan fuskar kwamfuta na ɗan lokaci. A ciki a nemi shafin da ke lissafa abubuwan da aka haɗa da ramukan SATA. Idan sunan faifan da girmansa sun fito, to ya wuce wannan mataki.

Idan bai fito ba, a duba abu uku. Na ɗaya, ko an kashe ramin da aka saka shi, domin wasu kwamfutocin ofis suna ba da damar kunna ko kashe kowane rami. Na biyu, a mayar da wayar wani ramin daban. Na uku, idan kwanan nan aka ƙara wa kwamfutar ɗan siririn SSD mai suna M.2, a sani cewa a wasu allunan saka shi yana rufe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA. Littafin allon yana faɗin waɗanda abin ya shafa. Abin da ba a so a taɓa shi ne saitin da ke zaɓa tsakanin AHCI da IDE da RAID, domin sauya shi na iya hana Windows tashi gaba ɗaya, a koma neman maganin matsala biyu.

Idan duk an yi wannan bai bayyana ba, gwaji na ƙarshe shi ne a kai faifan wata kwamfutar, ko a saka shi a ɗan akwatin da ke mayar da shi na USB. A lura cewa babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar wuta mai bolt 12, wadda ramin USB ba ya bayarwa, don haka sai akwati mai tasa wayar wuta. Ƙaramin mai inci 2.5, irin na laftof, bolt 5 ya ishe shi. Idan ya yi aiki a can, laifin na kwamfutar farko ne. Idan bai yi ba, laifin na faifan ne.

A wurina, bayan sauya waya, BIOS ta lissafa faifan da girmansa na gigabayit 500. Na yi murna, na bar Windows ta tashi. Na buɗe wurin da haruffa ke fitowa, har yanzu C ne kaɗai.

6.0 Mataki Na Uku: Abin Da Windows Ke Gani

Wurin da muka saba buɗewa mu ga C da D ba ya nuna dukan faifan da ke jikin kwamfuta, sai waɗanda aka ba harafi. Cikakken jerin yana wani wuri mai suna Disk Management. Ana buɗe shi ta danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta diskmgmt.msc, a danna Enter. Haka yake a Windows 10, wadda ke kan kwamfutar yayana a lokacin, haka kuma a Windows 11. A ƙasan shafin kowane faifai yana da layinsa. Ana gane wanda ake nema ta girmansa, amma a sani cewa faifan da aka rubuta wa gigabayit 500 zai fito a matsayin 465, mai terabayit ɗaya kuma 931. Ba a ci komai ba, bambancin lissafi ne: kamfanoni suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuwa da 1,024.

Ga abubuwan da ake iya tararwa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

(a) Faifan yana nan da shuɗin layi, an rubuta NTFS da Healthy, amma babu harafi. Wannan shi ne mafi sauƙi. A danna shi da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Change Drive Letter and Paths, a ba shi harafi. Babu abin da ke gogewa.

(b) An rubuta Offline. A danna sunan faifan da maɓallin dama a zaɓi Online. Wannan yakan faru idan an kwafi faifai sukutum zuwa wani, sannan aka haɗa su biyun a kwamfuta ɗaya, domin lambar shaidarsu ta zama ɗaya.

(c) An rubuta Foreign. Faifan ya fito ne daga wata kwamfutar da aka tsara shi a wani salo na musamman. A zaɓi Import Foreign Disks.

(d) Kason yana nan lafiya amma ba a rubuta sunan tsarinsa ba. A tambayi inda faifan ya fito. Windows ba ta karanta tsarin ext4 na Linux ko APFS na kwamfutocin Apple da kanta. Faifan lafiyarsa ƙalau, harshensa ne ba ta ji. A mayar da shi irin kwamfutar da ta rubuta shi.

(e) An rubuta RAW, kuma wani saƙo na fitowa yana cewa sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi.

(f) An rubuta Not Initialized, ko kuma layin ya zama baƙi an rubuta Unallocated, kamar ba a taɓa zuba komai a ciki ba.

Na (e) da na (f) su ne wuraren da ake asara. Idan faifan sabo ne fil daga kwali, ganin (f) daidai ne, sai a bi umarnin Windows a tsara shi. A nan za ta tambaya tsakanin MBR da GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya amfani da abin da ya wuce kimanin terabayit biyu, don haka GPT ake zaɓa wa babban faifai. Amma idan faifan tsoho ne mai kaya a ciki, amsar kowane saƙo ita ce Cancel.

Dalili kuwa shi ne, a farkon kowane faifai akwai ɗan wurin da aka rubuta yadda aka kasa shi, inda kowane kaso ya fara da inda ya ƙare. Kamar shafin ƙunshiya ne a littafi. Idan wannan shafi ya yage, babobin suna nan, sai dai mai nema bai san shafin da zai buɗe ba. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu, ko waya mai sako-sako, ko lalacewar wannan gurbi na faifan, duk suna iya jawo haka. Fomat ba ya gyara tsohon shafin, sabon shafi yake rubutawa wanda ke cewa littafin babu komai. Gajeren fomat yakan bar yawancin bayanan a ƙasa, ana iya tono wasu da wahala. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifiri yake bi yana rubutawa a kan komai. A faifan SSD ma abin ya fi muni, domin shi yakan share wuraren da aka ce masa babu kowa ba tare da ɓata lokaci ba. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa garin neman gira an rasa ido. Haka nan a guji umarnin clean na manhajar diskpart, a kuma jinkirta chkdsk, domin shi ma rubutu yake yi a kan faifan yayin da yake gyara.

Faifan yayana a (f) ya faɗa: baƙin layi, gigabayit 465, Unallocated.

7.0 Yadda Na Kwashe Kayan

Abu na farko da na yi shi ne duba lafiyar faifan. Kowane faifai yana ajiye bayanin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana karanta shi. Shuɗi lafiya ne, rawaya gargaɗi, ja kuwa haɗari. Nawa rawaya ya nuna, da alamar cewa akwai gurabun da ya kasa karantawa. Ma'ana, ba waya kaɗai ce ta sami matsala ba, faifan kansa ya fara gajiya, kuma ba a san sau nawa zai ƙara tashi ba.

Na ari faifan USB mai terabayit ɗaya a wurin wani ɗan ajinmu a Keffi. Wannan sharaɗi ne: duk abin da aka ceto, wani faifan daban ake zuba shi, haka ma manhajar ceton ba a sauke ta a kan faifan da ke ciwo. Na kuma sa yayana ya cika tankin janareto kafin mu fara.

Manhajar da na yi amfani da ita TestDisk ce, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, kuma kyauta ce. Ba ta da hotuna, baƙin shafi ne da rubutu, ana tafiya da maɓallan kibiya. Na zaɓi faifan ta girmansa, na bar nau'in tsarin da ita kanta ta gano, na zaɓi Analyse, sannan Quick Search. Cikin ɗan lokaci ta nuna kaso ɗaya na NTFS. Na danna harafin P domin ganin abin da ke ciki. Sai ga jakunkuna sun jeru da sunayensu, har da tawa.

A nan akwai zaɓi biyu. Ana iya danna Write domin ta mayar da shafin ƙunshiyar a kan faifan, ko a kwafe fayilolin zuwa wani wuri. Na zaɓi kwafewa, domin Write rubutu ne, ni kuwa na yi alkawarin ba zan rubuta komai ba sai kaya sun fita. Na fara da jakar hirarrakin, sannan takardun abokan cinikin yayana. Daga cikin fayil 31, guda 30 suka fito lafiya, ɗaya ya ƙi.

Da TestDisk ba ta ga kason ba, da sai in koma ga abokiyar tafiyarta PhotoRec, wadda ke bin faifai gurbi-gurbi tana tsinto fayiloli ta siffarsu. Sai dai ita ba ta dawo da sunaye ko jakunkuna, lambobi take ba su. Ga mai binciken harshe wannan babban aiki ne, domin sai ya saurari kowane fayil ya gane wa ke magana da kuma ranar. Tun daga lokacin, duk hirar da zan ɗauka nakan fara da faɗin kwanan wata da gari da lambar zama da bakina, domin bayanin ya zauna a cikin muryar kanta.

8.0 Fayil Na Talatin Da Ɗaya

Fayil ɗin da ya ƙi fita zamana na bakwai ne da Kaka, ranar da muka yi magana a kan kaɗi da saƙa. Na kai faifan wurin wani mai gyara a Keffi, na roƙe shi kada ya yi komai sai kwafi. Ya yi amfani da manhajar ddrescue da ke aiki a kan Linux, wadda ke kwafe faifai sukutum, ta fara da wuraren da ke karantuwa, sannan ta dawo ta yi ta gwada masu wuya. A gaskiya da wannan ya kamata in fara tun da na ga rawaya, domin ƙa'ida ita ce a ɗauki kwafin faifai mai ciwo, a yi aikin ceto a kan kwafin.

Fayil ɗin ya fito, amma da giɓi. Murya irin ta WAV da na'urata ke ɗauka tana cin kimanin megabayit 10 a minti ɗaya, wuraren da suka ƙi karantuwa kuwa sun kai megabayit 7 a cikin wannan fayil. Kusan daƙiƙa 40 ke nan. Giɓin mafi tsawo ya faɗo daidai inda na ɗaga mazari da alli da taskira ina tambayarta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ana jin tambayata, sai shiru, sai dariyarta. Na koma wurin 'yarta, ta ba ni biyu daga cikin kalmomin. Ta uku ta ce ta san tana jin ta a bakin tsohuwa, amma ta ɓace mata. A kundina gurbin wannan kalma layi na ja.

9.0 Rigakafi

Akwai ƙa'idar da masu adana bayanai ke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. Ga ɗalibi wannan na iya zama kwamfuta, da filas ko faifan USB, da kuma ajiyar intanet ko kwafin da aka bari wurin malami mai duba aiki. Faifai na biyu a cikin kwamfuta ɗaya ba ya cika wannan sharaɗi, domin wuta ɗaya suke sha, baro ɗaya kuma suke hawa. Kada a share katin na'ura sai an saurari kwafin a wuri biyu. Idan ana aiki da janareto, a nemi UPS, ko a yi juyin a laftof mai batir. Duk lokacin da za a ɗauki kwamfutar tebur, a kashe ta sarai, a yi mata shimfiɗa mai laushi, bayan an sauke kuma a duba wayoyinta.

Sai ƙananan abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Masu rubuta hira da manhajar ELAN su sani cewa tana tuna inda fayil ɗin murya yake, don haka idan harafin faifai ya sauya za ta iya neman a nuna mata shi. A ajiye rubutun da muryar a jaka ɗaya. Sannan a sunayen fayiloli a guji haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu tsofaffin manhajoji da na'urori suna mayar da su alamar tambaya. A cikin rubutun kuwa a sa su yadda ƙa'ida ta tanada.

10.0 Kammalawa

An ga cewa faifan ajiya yana wuce matakai uku kafin ya bayyana, wato wuta da waya, da BIOS, da Windows, kuma aikin mai bincike shi ne ya gano inda ya tsaya kafin ya ɗauki mataki. An ga cewa ƙarar ƙas-ƙas umarni ne na a kashe, kuma saƙon fomat a kan faifai mai kaya amsarsa Cancel. A wurina matsala biyu ce ta haɗu, tsagaggiyar waya da lalataccen shafin ƙunshiya, shi ya sa gyara na farko bai wadatar ba. Tsohon faifan yana nan a cikin durowar yayana, ba mu ƙara zuba masa komai ba. Muryar Kaka kuwa yanzu tana wuri uku, kuma na ba 'yarta kwafi a katin waya. Ina fatan 'yan'uwa da za su fita bincike a hutu mai zuwa za su tanadi wurin ajiya na biyu tun kafin su ɗauki hira ta farko.